Ƙwallon Dabino a Injin Ramata

Duk wanda ya taɓa shan tukuɗi a unguwar Obitara, ko dai na Ramata ya sha, ko na wata da ke ƙoƙarin kwaikwayon na Ramata. A tsohon garin Agadez aka haife ta, cikin wani lungu da jaki mai kaya ba ya iya juyawa, inda in ka ɗaga kai sai ka ga hasumiyar babban masallaci tana leƙen tsakar gidanku kamar surukar da ba ta da aikin yi. Uwarta mai tukuɗi ce, kakarta ma haka. Tun ba ta kai tsawon taɓarya ba ta san gero sai an surfa an wanke an shanya, cuku sai wanda ya bushe har yana ƙara in an karya, dabino kuwa na Fachi, wanda ayari ke kawowa tare da gishiri. Ta kuma san kafin dabino ya ga turmi sai an cire masa ƙwallo ɗaya bayan ɗaya. Wannan da dundu uwarta ta koya mata. Ƙwallo guda in ya ɓuya cikin dunƙule ya fasa haƙorin mai saye, to sunan gida ne ya fashe. Har Ramata ta yi furfura, babu wanda ya taɓa tofar da ƙwallo daga tukuɗinta.

Ta auri Zakari, shofer ɗin kamiyo, babbar motar kaya, mutumin kirki mai zafin kai. Yana da uwa mai zafin baki da ƙanne mata masu zafin ido, kuma duk zafin nan a kan Ramata yake hucewa. In uwa ta yi fushi da ɗa, ita ake aika wa. In ɗa ya yi fushi da uwa, ita ake yi wa tsawa. Ta haɗiye, ta yi daka, ta haifi ƴa ɗaya, Sakina, ta aurar da ita Arlit. Da Zakari ya rasu ta yi masa kuka na gaskiya.

Ranar da ta fita takaba mata suka cika gidan, ana wanka, ana raba waina, ana tsokanarta wai wa za a fara yi wa shimfiɗa a zaure. Ramata ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta rantse da Allah a gaban kowa cewa ita da aure sun yi sallama har ta koma ga Mahaliccinta. Tsofaffi suka share hawaye, suka ce wannan ita ce soyayya. Ba soyayya ba ce. A cikin watannin takaba ta gano cewa barcin da ba ka sauraren tarin wani yana da daɗi. Ta kuma ji ƙishin-ƙishin cewa yayanta Alhassan, dillalin dabino da gishiri, ya riga ya yi wa wani abokin cinikinsa alkawarinta kamar buhu. Da rantsuwar ta toshe masa ƙofa.

Alhassan ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ya lura abin ya yi masa kyau. Ga gida inda ake shimfiɗa masa tabarma kullum da azahar, a ɗora masa akushi, ba a tambayarsa cefane, ba wani namiji da zai yi wa gaisuwar surukuta. Sai ya zama shi ne babban mai yayata rantsuwar. A kasuwa in ana zancen matan zamani, sai ya gyara rawani ya ce su je Obitara su ga mace mai magana ɗaya. Zawarawa suka zo, Ramata ta sallame su da harshe. Wani ta tambaye shi ko haƙoransa za su iya da cuku. Wani ta ce ya koma ya gaishe da jikokinsa. Garin ya riƙe mata maganarta gam, ita ma ta riƙe, har ta manta cewa abin da aka riƙe da ƙarfi hannu yake gajiyarwa.

Da aka samu zinariya a Jado, samari suka riƙa cika motoci suna nausawa cikin sahara, kowa yana neman guzurin da ba ya lalacewa. Tukuɗi ya yi daraja. Kafaɗun Ramata suka fara kuka, duk da taimakon aminiyarta Altine, wadda suka yi ƙuruciya tare, take zuwa kullum tana taya ta dunƙulawa da gulma. Mijin Sakina ya ji labari, ya aiko mata da inji daga Tamanrasat, irin na mahauta mai niƙa nama. A jona shi da kuran, wato wutar lantarki, a zuba dabino da cuku ta sama, su fito ta gaba a kirɓe. Ramata ta jingine taɓarya a bayan ɗaki, ta yi wa surukinta addu'a.

Injin ya yi kusan shekara yana aiki, rannan sai moter yana gurnani amma bakin ba ya juyawa. Altine ta ce a kira Saidou na unguwar Dagmanet. Makanisiye ne, ya daɗe yana aiki a tashar kuran ta Anou Araren har ya ajiye, matarsa ta rasu, ƴaƴansa sun watse. Ramata ta tuna shi sama-sama, cikin abokan Zakari shi ne wanda ba ya magana.

Ya zo kan wata tsohuwar moto mai ƙafa biyu, da koren akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Ya yi sallama, ya kira ta Maman Sakina, daga nan bai sake kallonta ba, ya koma magana da injin. Yana kwance shi yana lallashinsa kamar marar lafiya, yana jera kusoshi cikin faifai daga babba zuwa ƙarami. Can ya zaro wani abu fari, zagayayye, bai cika tafin hannu ba, gefensa duk haƙora, sai dai haƙoran sun cinye kamar na tsohuwar akuya. Ya ce sunansa pinyo, shi ke karɓar juyi daga moter ya miƙa wa bakin niƙa.

Ramata ta juya abin a hannunta, ta ce wane irin mugun mutum ne zai ƙera inji na ƙarfe sannan ya sa masa zuciyar roba. Saidou ya ce ba mugunta ba ce, da gangan ne. Ya ce an yi shi ne don ya riga kowa mutuwa. In wani abu mai tauri ya maƙale, shi zai ba da haƙoransa, moter ya tsira. Ko ba a maƙale ba, zafi da guga suna cin sa a hankali, don kada su ci ƙarfen da ke kusa da shi.

"Kowane gida da irinsa, Maman Sakina," ya ce, idonsa a kan injin. "Akwai wanda ake sa wa a tsakiya ya cinye, don sauran su zauna lafiya."

Ramata ta ajiye pinyon a hankali. A zamanta na gidan Zakari babu wanda ya taɓa faɗa mata sunan aikinta, sai yau wani mai baƙin mai a farce ya faɗa, kuma bai ma san ya faɗa ba. Ko kuwa ya sani? Ta dama masa tukuɗi da nono a kwanon da take ajiye wa baƙi. Ya sha, bai yaba ba, amma ya bi kwanon da yatsa har ya yi kamar an wanke.

Sabon pinyon ya yi aiki lafiya lau, abin da ya fara ba Ramata haushi ba tare da ta san dalili ba. Ta iske kanta tana kasa kunne ga injin, ko zai yi tari. Wata safiya tana tura dabino, sai ta ga guda ɗaya da ƙwallonsa a ciki. Ta gan shi sarai. Hannun nan da aka koya wa aiki da dundu ya tsaya, ya yi shawara, ya tura. Injin ya yi ƙara, ya yi gurnani, bakin ya tsaya. Ta gaya wa kanta ido ne ya fara rauni. Ta kwashe abin da ke ciki ta zuba wa akuyarta, don ko me za ta yi, ba za ta sayar wa mutane ɓaraguzan ƙwallo ba. Sannan ta sake ɗaurin kallabi, ta ce Altine ta kira Dagmanet.

Daga nan injin Ramata ya zama mai yawan laulayi. Wata biyu, wani lokaci ko biyun ba a cikawa. Saidou ya zo, ya kwance, ya girgiza kai, ya ce robar zamanin nan ba ta da ƙarko. Ramata ta ce ko dai makanisiyen zamanin nan ne. Shi ya ce kuran ɗin unguwarsu ne ke hawa da sauka, ita ta ce ai ba kuran ke ɗaure kusoshi ba. Aikin da a zuwan farko ya gama kafin shayi ya tafasa, yanzu sai ya kai shi la'asar. Yana ba ta labarin manyan injunan Anou Araren da ke cin gawayin dutse, tana ba shi labarin wanda ya saki wa da wanda ya mayar da wa. Bai taɓa faɗin kalma ɗaya da ba za a iya maimaitawa a gaban liman ba. Wannan ya ishe ta, kuma bai ishe ta ba.

Altine ba ta ce komai ba sai da akuya ta yi ƙiba. Rannan tana dunƙulawa ta ce ita dai tana mamaki, yarinyar da ta sani tana tsince ƙwallo ido rufe, yau ga ta da ido biyu tana kuskure, kuma kuskuren ba ya zuwa sai ranar da ta yi lalle. Ramata ta ce tsufa ne. Altine ta ce lalle kam, tsufan da ke sa kwalli.

Alhassan ma yana da ido. Ya zo da azahar ya iske moto a inda yake ajiye takalmansa. Ya ga kwanon baƙi a hannun wanda ba baƙo ba. Bai yi faɗa ba, don faɗa zai nuna yana zargin mace mai magana ɗaya, kuma shi ya sa mata sunan. Sai ya fara tausaya wa ƙanwarsa da babbar murya, wai ana wahalar da ita da kayan roba. Ya ɗauki wani cinyayyen pinyo daga kan katanga ya jefa aljihu, ya nufi maƙera.

Illiya maƙeri mutum ne da ke zuba sarƙoƙin azurfa da zobba tun kakanninsa. A wurinsa duk abin da ke da siffa ana iya zuba shi. Ya cike haƙoran da suka cinye da kakin zuma, ya fitar da siffar, ya lulluɓe da laka, ya gasa kakin ya tsiyaye, ya narka tsofaffin kawunan pampo ya zuba tagulla a gurbin. Ya bi haƙoran da zarto ɗaya-ɗaya. Da yake hannunsa bai saba sakin abu tsirara ba, sai da ya yi masa zane a fuska, irin wanda ake yi wa abin wuyan amarya, ko da yake abin cikin inji zai zauna inda ko ƙuda ba zai gani ba.

Alhassan ya kawo shi naɗe a ƙyalle, ranar da Saidou ya zo gyara. Ya buɗe a kan tabarma yana ƙyalli, ya ce daga yau an huta, wannan jikokin Sakina ma za su gada. Saidou ya ɗauka, ya auna nauyinsa a hannu, ya yaba aikin Illiya da gaske. Sannan ya ce shi bai ba da shawarar a sa ba. Tagulla ba ta da haƙuri, in abu ya maƙale ba za ta ba da kai ba, sai dai wani ya bayar, kuma wanin moter ne.

Alhassan ya yi dariya ya ce ai an sani, mai gyara ba ya son abin da ba ya ɓaci, kamar yadda wanzami ba ya son mai sanƙo.

Saidou ya ɗago, karo na farko ya dubi Ramata ido cikin ido. Kalma ɗaya yake jira. Ita kuwa ta ga in ta goyi bayan roba a gaban yayanta da Altine, to ta goyi bayan moto a ƙofar gida, kuma kafin magariba Obitara ta ji. Ta sunkuyar da kai ta ce Yaya ya fi ta sani. Saidou ya sa tagullar, ya ɗaure kusoshi, ya ce a kiyaye kada wani abu mai tauri ya shiga. Ya tafi bai taɓa kwanon ba.

Injin ya samu lafiyar da ba a roƙa ba. Ƙararsa ta ƙaru har maƙwabta suna sanin lokacin da Ramata ta fara aiki, amma ko atishawa ba ya yi. Ta daure wata ɗaya, ta tura ƙwallo. Tagulla ta fasa shi kamar gyaɗa ta wuce. Ta tura biyu. Ta tura cikin tafi. Injin ya tauna, ya haɗiye, ya nemi ƙari. Akuya ta kai har ba ta iya tsallake dokin ƙofa. Alhassan kullum in ya zo sai ya shafa injin ya tambayi lafiyar ɗansa, ya ci abinci, ya yi gyatsa.

Ramata ta rame a tsaye. Abin da ya fi ci mata rai, ba ta da wanda za ta kai wa ƙara, don duk abin da ya same ta alheri ne: yaya mai kula, inji mai ƙarko, suna mai kyau. Ta taɓa ɗaukar salula za ta kira Dagmanet, ta rasa me za ta ce ya lalace. Ta duba firigon sanyaya ruwa, lafiyarsa lau. Ta tsani lafiya.

Ana saura ƴan kwanaki bikin Biyanu da Agadez ke yi duk shekara, gari ya fara cika da ganguna da samari masu baƙaƙen rawuna, Altine ta zo da labari. Ta faɗe shi tana kallon dunƙulen da ke hannunta: ɗan Saidou da ke Tahoua ya matsa masa ya koma can, ya ce zaman kaɗaici ya isa. Saidou ya amsa, bayan biki zai tattara. Wai ya ce ba abin da ya rage masa na gyara a Agadez.

Washegari da hantsi, ga tulin dabino na masu biki yana jira, Ramata ta ta da inji. Ta ɗauki ƙaramin cokalin shayi. A lissafinta haƙori ɗaya kawai take so ya karye, ɗaya tak, wanda zai sa a kira makanisiye. Ta manta, ko ta ƙi tunawa, abin da aka gaya mata game da tagulla. Ta saki cokalin.

Injin ya yi wata ƙara kamar raƙumin da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ya girgiza, ya ja da baya a kan benci, ya yi nishi mai tsawo. Kafin ta fizge igiyar kuran, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, ƙaurin ƙonanniyar waya ya cika lungu.

Saidou ya zo da azahar, ya iske Alhassan a kan tabarma. Ya kwance injin bai lallashe shi kamar yadda ya saba ba, wanda hakan kaɗai ya gaya wa Ramata cewa gawa ce. Moter ya ƙone ƙurmus, sandar ƙarfen da ke ciki ta murɗe. Pinyon tagulla kuwa ya fito yana walƙiya, da zanensa, ko ƙwarzane babu. Alhassan ya karɓa ya ɗaga shi sama, ya ce a dube shi, ba ya faɗa ba? Duk injin ya mutu, nasa na nan. Saidou ya ce gaskiya ne, nasa na nan. Alhassan ya rasa abin da ke cikin amsar da bai yi masa daɗi ba, ya sa tagullarsa aljihu, ya ce zai je masallaci. Altine ta tuna tana da wanki a can ƙarshen tsakar gida, inda ake jin komai.

Ramata ta tambaya ko zai gyaru. Saidou ya ce a'a. Ta tsaya tana kallon hannuwansa suna tattara kusoshi, ta san in ya rufe akwatin nan shi ke nan, babu inji, babu dalili, sai Tahoua.

Ya sa yatsu cikin bakin niƙa ya zaro cokalin, ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Bai tambaye ta yadda ya shiga ba. Ya ɗauko wani gwangwanin madara daga ƙasan akwatinsa, ya buɗe zai jefa. Gwangwanin ya yi kacau-kacau. Ramata ta leƙa. Ƙwallayen dabino ne, wasu a tsage, wasu da shatar haƙoran roba a jikinsu. Duk zuwan da ya yi, ashe yana tsintar abin da ya kashe pinyon yana adanawa, sannan ya dube ta ya zagi robar zamani.

Kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa. Ta nemi inda za ta ajiye ido, sai ya faɗa cikin akwatin, gurbin da gwangwanin ya tashi. Pinyo ne a jere, an zarga su da igiya, girmansu ɗaya da nata, amma baƙaƙe. Ta miƙa hannu ta ɗauko. Sun fi fararen nauyi kaɗan, jikinsu da ɗan kaushi.

Ta tambaya su kuma na mene ne. Saidou ya yi tari. Ya ce su ma roba ce, sai dai an cuɗa ta da zaren kwalba siriri kamar gashi, yadda magina ke cuɗa laka da ciyawa don kada gini ya tsage. Zafi ba ya saurin tausasa su, guga ba ta saurin cin su. In abu ya maƙale sosai za su ba da kai kamar fararen, moter ya tsira, amma a aikin yau da kullum sai su yi shekaru. Ƙwallo ɗaya ko biyu ma, in an yi sa'a, sukan jure.

Ta tambaya tun yaushe yake da su. Ya ce tun kafin zuwansa na biyu.

"Wato kana da mai ƙarko a akwati, kake sa mini mai mutuwa."

"Ke kuma kina taya shi mutuwa."

"Macuci. Kana shan tukuɗina kana cutata."

"Ni ban taɓa sa cokali ba."

Daga wajen wanki aka ji Altine ta shaƙe da wani abu. Ramata ta so ta yi fushi, ta nemi fushin ta rasa inda ta ajiye shi. Tsawon watannin nan tana tsammani ita kaɗai ce ɓarauniya a gidan, ashe su biyu ne, kowa yana sata yana tausayin ɗan'uwansa.

Saidou ya rufe gwangwanin. Ya ce injin dai ya mutu, shi kuma ba shi da wata sana'a sai gyara. Ya ce ya san akwai rantsuwa, duk gari ya sani, shi ya sa bai taɓa buɗe baki ba, don ba ya son ya zama abin da zai maƙale mata. Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa.

"Ramata," ya ce. Bai taɓa kiran sunan ba, ya fito masa da ƙyar kamar kusar da ta yi tsatsa. "In tafi Tahoua?"

Ta dubi gawar injin, ta dubi baƙin pinyon da ke hannunta. Ta tuna ranar ludayi, da zawarawan da ta yi wa dariya, da rawanin Alhassan a kasuwa. Ta auna dariyar da Obitara za ta yi mata, ta ga mai yawa ce, kuma ta cancanta. Ta ɗaga murya ta ce Altine ta bar wankin ƙarya, ta zo ta taya ta fito da turmi.

Ranar Biyanu, gari yana rawa da ganyen dabino, Ramata ba ta sayar da ko dunƙule ɗaya ba. Ta daka da hannunta, da tsohuwar taɓaryar uwarta, har kafaɗun suka tuna mata shekarunta. Ta yi manyan dunƙule goma, ta haɗa kowanne da mudun gero, ta ɗora wa Altine a kai, ta ce a kai wa miskinai goma a ƙofar babban masallaci. Duk musulmin da ya yi karatun allo ya san abin da ake fansa da ciyar da miskinai goma. Wanda bai sani ba, Altine ta taimaka masa, don kowa ta miƙa wa sai ta ce a yi addu'a, kaffarar rantsuwa ce, daga gidan Ramata mai tukuɗi.

Kafin ganguna su kai ƙofar gari labarin ya riga su. Matan Obitara suka yi dariyar da suka daɗe suna tari. Wanda aka taɓa tambaya ko haƙoransa za su iya da cuku ya aiko a gaishe ta, wai a tambaya ko nata sun iya da magana. Ramata ta ce a gaya masa magana ma cinyewa take, in an daɗe ana guga.

Alhassan ya ji a kasuwa, daga bakin mutumin da ya fi yi wa alfahari. Ya zo gidan da rawani a karkace, ya ce ta kunyata shi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ɗora akushi, ta bari ya ci rabi, sannan ta tuna masa cewa ba ta da wani waliyyi sai shi, kuma da bai kawo tagulla ba da har yanzu tana nan tana kiwon akuya. Ya tauna wannan tare da tuwon. Shi ya ba da aurenta ga Saidou, fuska a murtuke, ya kuma tambaya a asirce ko Dagmanet da nisa a ƙafa da azahar. Pinyon tagulla yana rumfarsa har yau, yana danne bakin buhu da shi, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce wannan abin ya kashe inji sukutum bai ji ko ƙwarzane ba.

Yanzu tukuɗin Ramata daga Dagmanet yake fitowa. Mijin Sakina ya sake aiko da inji, Saidou ya cire farin pinyon da ya zo da shi tun kafin a jona, ya sa baƙi. Bai taɓa ɓaci ba. Gwangwanin madara yana kan taga, da cokalinsa. Wani lokaci in Saidou ya nutse cikin gyaran rediyon wani har ya manta akwai mutum a gidan, Ramata takan ɗauki ƙwallon dabino ta riƙe shi a saman bakin injin, ta yi gyaran murya. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya taso.